Nijeriya '99: Ko Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu?

A ranar Asabar, 24 ga watan Afrilu na 1999, aka rufe gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta matasa 'yan ƙasa da shekara 20 a Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere a Legas, inda Sifen ta lallasa Japan da ci 4 da nema. Ƙungiyar Nijeriya, watau Flying Eagles, ba ta kai ga wannan matsayi ba, domin kwana shida kafin nan Mali ta fitar da ita a Inugu da ci 3 da 1. Duk da haka jami'an Gwamnatin Tarayya da jama'a da dama sun ɗauki ranar a matsayin ranar nasara. Dalili kuwa shi ne, abin da Nijeriya ta shafe shekara goma tana nema ya wuce kofi. So take a ce duniya ta zo gidanta, ta ci, ta sha, ta kwana, ta kuma koma lafiya.

Wannan buri na fita kunyar baƙi yana da farashi, kuma daga baitulmalin ƙasa aka biya shi. Ga ɗan kasuwa, wanda ya saba auna kowace hidima da abin da ta ci da abin da ta kawo, gasar ta bar tambayoyi uku da har yanzu ke da amfani a duk lokacin da aka ji wata gwamnati na neman ɗaukar nauyin wasannin duniya: wa ya biya, wa ya ci riba, me kuma ya rage bayan baƙi sun watse.

Sau biyu ana janyewa

Ba za a fahimci irin alfaharin da aka yi a 1999 ba sai an tuna da wulaƙancin da ya gabace shi. Tun da farko Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya, watau FIFA, ta ba Nijeriya damar shirya gasar 1991. To amma a 1989 hukumar ta gano saɓani tsakanin ranakun haihuwar da aka rubuta wa wasu 'yan wasan Nijeriya uku a wasannin Olamfik na 1988 da waɗanda aka gabatar musu a gasannin baya. Saboda haka ta dakatar da ƙasar daga wasannin matasa na tsawon shekara biyu, ta kuma maida gasar Fotugal. Wannan ya faru ne a shekarar da Flying Eagles ta kai wasan ƙarshe a Saudiyya, bayan da ta farke ci 4 da Tarayyar Sobiyat ta yi mata a Dammam.

Janyewa ta biyu ta fi ciwo. An sake ba Nijeriya gasar 1995, an ba da kwangiloli, an gyara filaye, har ƙasar ta shirya gasar matasa ta Afirka a farkon shekarar a matsayin gwaji. Makonni kaɗan kafin a fara, sai FIFA ta ba da sanarwar cewa saboda rahotannin ɓarkewar sanƙarau da kwalara ba za ta tura yaran mutane ba. Aka kwashi gasar aka kai Katar, inda Ajantina ta ci kofin a watan Afrilu. Duk wanda ya buga riguna da huluna masu ɗauke da sunan gasar, ko ya ci bashin banki ya gyara masaukinsa don jiran baƙi, ya wayi gari da kayan da ba su da mai saye.

'Yan Nijeriya da yawa ba su yarda cewa cuta ce dalili ba. Sun ga hannun siyasa a ciki, kasancewar tun bayan soke zaɓen 12 ga watan Yuni na 1993 da tsare Cif Moshood Abiola a 1994 dangantaka ta yi tsami tsakanin gwamnatin soja da ƙasashen Yamma. Zargin yana da tushe, sai dai fargabar cutar ma ba ƙage ba ce. A rani na 1996 annobar sanƙarau ta hallaka mutum sama da 11,000 a ƙasar, akasarinsu a jihohin Arewa.

A watan Nuwamba na 1995 shugaban FIFA na wancan lokaci, Joao Havelange, ya kawo ziyara ya yi wa gwamnatin Janar Sani Abacha alkawarin gasar 1997, alhali kuwa an riga an ba Maleshiya. A cikin kwanakin ne, ranar 10 ga watan, aka rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan ƙabilarsa ta Ogoni su takwas. Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila ta dakatar da Nijeriya, Tarayyar Turai kuma ta ƙaƙaba takunkumi, ciki har da yanke hulɗar wasanni. Alkawarin Havelange bai cika ba. Nijeriya ta ƙaurace wa gasar cin kofin Afirka ta 1996 a Afirka ta Kudu, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, watau CAF, ta hukunta ta da hana ta shiga ta 1998. Haka ƙasar da ta ci kofin Afirka a 1994, ta kuma ɗauki lambar zinariya a Olamfik na Atlanta a 1996, ta zama mai suna a fili amma wadda ake gudun zuwa gidanta.

Jinkirin nan ya ƙara nauyin hidimar. Gasar da aka janye a 1995 ta ƙasashe 16 ce da wasanni 32. Daga 1997 aka faɗaɗa ta zuwa ƙasashe 24 da wasanni 52, kuma wannan ce Nijeriya ta gada.

Baitulmali a lokacin

Gasar ta faɗo ne a daidai lokacin da aljihun gwamnati ya fi ƙunci. A watan Disamba na 1998 farashin gangar ɗanyen mai ya faɗi zuwa kusan dala 10, har gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar, wadda ta hau mulki bayan rasuwar Janar Abacha a watan Yuni na shekarar, ta gina kasafin kuɗin 1999 a kan dala 9. Bashin ƙasashen waje ya doshi dala miliyan dubu 30. An ɗaga farashin litar fetur daga naira 11 zuwa naira 25, sannan aka sauke shi zuwa naira 20 a watan Janairu bayan da jama'a suka koka. Ga zaɓuɓɓuka huɗu a jere, daga na ƙananan hukumomi a watan Disamba zuwa na shugaban ƙasa a ranar 27 ga watan Fabrairu. Ga kuma sojojin Nijeriya da ke yaƙi a Saliyo ƙarƙashin rundunar ECOMOG, waɗanda ake ciyarwa da kuɗaɗen waje.

Akwai wani sauyi da 'yan kasuwar wancan zamani ba za su manta da shi ba. Har zuwa ƙarshen 1998 farashin dala iri biyu ne: na gwamnati, kimanin naira 22, da na kasuwar musaya, wanda ya haura naira 80. A watan Janairu na 1999 aka soke na naira 22. Ma'anar wannan ga masu shirya gasa a fili take. Fitilun haskaka fili, allunan nuna ci, na'urorin ɗaukar hoton talabijin, manyan janaretoci, motocin ɗaukar marasa lafiya da kayan sadarwa duk daga waje ake sayo su. Duk kayan da ba a biya kuɗinsu kafin sabuwar shekara ba, kuɗinsu a littafin gwamnati ya ninka kusan sau huɗu, ba tare da dillalin Turai ya ƙara ko sisi ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma sayayyar gaggawa a ko'ina tsada gare ta, domin mai saye ba shi da lokacin taya farashi.

Tsakanin ƙarshen 1998 da ranar miƙa mulki ga farar hula, ajiyar kuɗaɗen waje ta ƙasa ta ragu daga kimanin dala miliyan dubu 7 zuwa kimanin miliyan dubu 4. Da hawansa mulki, Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Dokta Christopher Kolade don sake duba kwangiloli da lasisin da aka bayar a watannin ƙarshe na mulkin soja. Zalunci ne a ɗora wa gasar ƙwallo wannan giɓi gaba ɗaya, domin ƙofofin da kuɗi suka bi suka fita suna da yawa. Amma a cikin wannan yanayi aka ba da ayyukanta, kuma ɗaya ce daga cikin ƙofofin.

Yadda ake raba kuɗin gasa

Mutane da yawa kan zaci ƙasar da ta karɓi baƙunci ita ke kwashe kuɗin da gasa ta tara. Tsarin ba haka yake ba. Manyan hanyoyin samun kuɗi guda biyu, watau haƙƙin nuna wasanni a talabijin da tallan manyan kamfanoni irin su Coca-Cola da Adidas, na FIFA ne. A wancan lokaci wani kamfanin ƙasar Siwizalan mai suna ISL ne ke sayar mata da su, kafin ya durƙushe a 2001. FIFA kan ɗauki nauyin jigilar ƙungiyoyi daga ƙasashensu da wani ɓangare na hidimarsu. Mai masauki kuwa shi ke da filaye, da tsaro, da asibitoci, da hanyoyi, da wutar lantarki. Abin da ake bar masa shi ne kuɗin tikiti da tallan kamfanonin cikin gida da ba su yi karo da na FIFA ba. A ƙa'idar irin waɗannan gasanni, hatta abin sha da ake sayarwa a harabar fili sai na kamfanin da ya biya kuɗin talla.

Kuɗin tikiti kuma ƙarfin aljihun 'yan kallo ne ke ƙayyade shi. A ƙasar da sai a shekara ta 2000 doka ta kai mafi ƙarancin albashi naira 5,500 a wata, ba a sa ran kuɗin shiga fili ya biya ko da kuɗin man janareta da na fenti, balle ya maida jarin gini. In aka ɗaga farashi, fili ya zama wayam a idon talabijin, abin da ake neman gujewa ke nan. In aka sauke shi, kujeru su cika, akwati ya zama wayam.

Nijeriya ta ƙara wa kanta nauyi da hannunta ta hanyar rarraba wasannin a garuruwa takwas: Legas, Badun, Inugu, Fatakwal, Kalaba, Kano, Kaduna da Bauci. Maleshiya da garuruwa shida ta yi gasa mai girma ɗaya. Hikimar rabon ba ta lissafin kuɗi ba ce, ta zaman tarayya ce, domin a ƙasar da kowane yanki ke ƙirga abin da ya samu, barin wani sashe a baya abin tsokaci ne. To amma kowane gari sai an tanadar masa fili mai ciyawa da fitilu, da filayen atisaye, da ɗakin 'yan jarida, da asibiti, da masauki, da filin jirgin sama mai aiki, sannan a ajiye janareta a bayan kowane ɗaya saboda ba a amince da NEPA ba. Layukan tarho na NITEL a lokacin ba su kai 500,000 ba a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 100, don haka aika labari daga Bauci zuwa Tokyo shi ma aiki ne da sai an ware masa kuɗi. Abuja, babban birnin tarayya, ba ta samu ko wasa ɗaya ba, saboda ba ta da filin da ya dace.

Abin da ya shiga aljihun 'yan kasuwa

Babu shakka kuɗi sun motsa. 'Yan kwangilar gini da na lantarki, da masu shigo da kaya, su ne suka fi kowa cin moriya, domin nasu ciniki ya ƙare tun kafin a buga wasan farko. A bayansu akwai masu otal, da masu motocin haya, da kamfanonin jiragen sama, da 'yan canji, da teloli da masu buga tutoci, har zuwa mai tsire da mai ruwan sanyi a bakin Ƙofar Mata a Kano. Ranar da Nijeriya ta kara da Ailan a filin wasa na Sani Abacha, aka tashi 1 da 1 ta kuma yi nasara a bugun daga kai sai mai tsaron gida, rana ce ta ciniki ga duk mai abin sayarwa a kewayen filin.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ke rage girman wannan riba idan aka zo lissafin ƙasa baki ɗaya. Na farko, baƙin ba su da yawa. Kowace ƙasa da 'yan wasa 18 ta zo, jimilla 432, watau adadin da babban jirgin alhazai guda zai kwashe. Ko an haɗa da masu horarwa, likitoci, alƙalan wasa, 'yan jarida da dillalan 'yan wasa, taron bai kama ƙafar wanda ake gani a gasar manya ba, domin magoya baya ba su cika tsallaka teku saboda wasan matasa ba. Wasu ƙungiyoyin Turai ma sun hana fitattun 'yan wasansu zuwa. Ingila ta zo ba tare da manyan taurarinta ba, ta kuma koma gida ba ta jefa ƙwallo ko ɗaya a raga ba.

Na biyu, galibin 'yan kallo 'yan gida ne. Kuɗin da mutumin Fagge ya kashe a kan tikiti da tsire kuɗi ne da da ma zai kashe a Kano, wataƙila a Kantin Kwari ko a Kasuwar Sabon Gari. Ya sauya aljihu ne kawai, bai ƙaru ba. Sabon kuɗi shi ne wanda baƙo ya shigo da shi daga waje, kuma idan aka ɗora shi a sikeli ɗaya da dalolin da aka fitar don sayo fitilu da na'urori, ba a buƙatar akawu kafin a san ɓangaren da zai rinjaya.

Ga mai otal lamarin ya fi sarƙaƙiya. Gasar gaba ɗaya mako uku ce, zagayen farko kuma bai wuce kwana goma ba, bayansa ƙasashe takwas suka haɗa kayansu. Ɗakin da aka ƙara don biki na mako uku sai an ci gaba da cika shi shekara ashirin kafin ya biya bashinsa. Garin da ke da harkar da ke kawo baƙi a kullum, kamar Legas da Fatakwal, gyaran ya zame masa jari. Garin da ba shi da ita sai ya koma jiran tarukan gwamnati da na siyasa.

Farashin suna

Idan nan lissafi ya tsaya, hukunci mai sauƙi ne. Amma akwai wata kadara da ba ta shiga littafin akawu, kuma 'yan kasuwar da ke hulɗa da ƙasashen waje sun fi kowa sanin darajarta. A tsakiyar shekarun 1990 sunan Nijeriya kaɗai ya isa ya ƙara wa ciniki tsada. Mai kaya a Turai ko Asiya kan nemi a biya shi gaba ɗaya kafin ya ɗora kaya a jirgi. Takardar lamunin da bankin gida ya bayar sai wani banki na waje ya tabbatar da ita, ya kuma karɓi ladansa. Kamfanonin inshora na ƙara kuɗi, ofisoshin jakadanci na jan ƙafa wajen ba da biza, ga kuma tabon damfarar nan da ake kira 419. Tun 1993 Amurka ta hana jirage tashi kai tsaye tsakaninta da Legas saboda rashin gamsuwa da tsaron filin jirgin saman Murtala Muhammed. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan haraji ne da ɗan kasuwa ke biya ba tare da rasit ba.

A wannan mizani ne gasar ta yi aiki. An buga wasanni 52 daga 3 zuwa 24 ga watan Afrilu, a tsakiyar zafin bazara, a Kudu da Arewa, kuma annobar da aka ji tsoro ba ta auku ba. Tunisiya ta shirya gasar farko a 1977, amma wannan ne karon farko da aka kawo ta Afirka kudu da Sahara. Hotunan da suka fita sun nuna filaye da 'yan kallo, a madadin sojoji da kotunan musamman da duniya ta saba gani. Ingancin wasan ma ya taimaka. A Nijeriya ne duniya ta fara sanin Xavi da Iker Casillas na Sifen, waɗanda suka ɗaga kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2010, da Ronaldinho na Burazil, da Diego Forlan na Yurugai, da Seydou Keita na Mali wanda aka zaɓa gwarzon gasar bayan da ƙasarsa ta zo ta uku. Mai horar da Japan, Philippe Troussier, shekara biyu kafin nan shi ke horar da Super Eagles. Daga cikin 'yan gida kuwa aka samu Joseph Yobo da Julius Aghahowa.

Makonni biyar bayan wasan ƙarshe, ranar 29 ga watan Mayu, aka rantsar da gwamnatin farar hula, a ranar kuma Nijeriya ta koma Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila. A watan Disamba Amurka ta ɗage haramcin jirage. A farkon 2000 Nijeriya da Gana suka haɗa hannu wajen shirya gasar cin kofin Afirka da aka ƙwace daga Zimbabuwe, inda aka yi amfani da filayen Legas da Kano ba tare da an sake gina komai daga tushe ba. A watan Janairu na 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. Babu mai hankalin da zai ce ƙwallon matasa ce ta jawo waɗannan. Komawa mulkin farar hula ne ya buɗe ƙofofin, farashin mai kuma ya farfaɗo a cikin shekarar. Abin da gasar ta yi shi ne ta zama baje koli na farko, ta nuna cewa za a iya ƙulla yarjejeniya da ƙasar a kan rana kaza da sharaɗi kaza, kuma ta cika.

Bayan an watse

Inda lissafin ya fi munana shi ne a kan abin da aka ce shi ne gadon gasar, watau filayen. Fili kadara ce mai ci kullum: ciyawa na son ruwa da aski, fitilu na son gyara, rufi na son fenti. Kasafin kuɗi ya saba ware wa gini kuɗi, ya manta da kulawa. Babban filin Surulere, wanda aka buɗe a 1972, ya ga wasannin Afirka na 1973, da kofin Afirka na 1980, da wasan ƙarshe na 1999 da na 2000. Bayan da aka gina sabon fili mai ɗaukar mutum 60,000 a Abuja don wasannin Afirka na 2003, a kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 360, sai aka juya masa baya. Lokacin da FIFA ta dawo Legas a 2009, a filin Teslim Balogun na gwamnatin jiha da ke tsallaken titi aka buga wasanni. Shekara goma kacal ke nan bayan Sifen ta ɗaga kofi a cikinsa.

Filayen da suka fi daɗewa da rai su ne masu ƙungiyar da ke wasa a cikinsu mako-mako. Na Kano yana da Kano Pillars, wadda ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kuma saba cika shi da 'yan kallo. Na Inugu yana da Rangers, na Bauci yana da Wikki Tourists. Shago mai ɗan haya ko bai kawo riba ba, aƙalla akwai mai share shi da mai ganin inda ya fara yoyo.

Darasin bai ɓata gaba ɗaya ba. Da aka ba Nijeriya gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, kwamitin shirye-shirye ya gabatar da kasafin da ya haura naira miliyan dubu 35. A watan Oktoba na 2008, daidai lokacin da farashin mai ke gangarowa daga dala 147 da ya kai a watan Yuli, gwamnatin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ce ba ta da wannan kuɗi, ta kuma janye. Cikin 'yan kwanaki aka zaftare kasafin zuwa kimanin naira miliyan dubu 9, gwamnati ta dawo. Cewa an iya sauke adadin zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, gasar kuma ta gudana, ya isa ya nuna yawan abin da ke shiga irin waɗannan kasafi da sunan kare mutuncin ƙasa. An sake rarraba wasanni a garuruwa takwas, biyar daga cikinsu, watau Kano, Kaduna, Bauci, Inugu da Kalaba, a filayen 1999 da sai da aka sake kashe musu kuɗi. Tsohuwar matsalar shekaru ma ta sake leƙowa, domin a karon ne FIFA ta shigo da gwajin hoton ƙashin wuyan hannu, aka kuma sallami 'yan wasa da dama daga sansanin Nijeriya kafin a fara. Ranar 15 ga watan Nuwamba, a gaban 'yan kallo a Abuja, Siwizalan ta doke Golden Eaglets da ci 1 da nema.

Filin Abuja ma bai tsira ba. Ciyawarsa ta lalace har sai da attajiri Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin gyara ta a 2020. A wasannin neman shiga gasar cin kofin duniya ta 2026, Super Eagles ta buga dukkan wasanninta na gida a Uyo, a filin da gwamnatin Jihar Akwa Ibom ta buɗe a 2014. Babu ko ɗaya daga filaye takwas na 1999 da aka kai wasa.

Kasuwar karɓar baƙunci ita ma ta sauya. Daga 2025 FIFA ta maida gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta kowace shekara, da ƙasashe 48, ta kuma ba Katar karo biyar a jere har zuwa 2029, ta ba Maroko ta 'yan mata a kan sharaɗi iri ɗaya. Hujjarta ita ce a riƙa amfani da kayan aikin da ke ƙasa maimakon kowace ƙasa ta yi sabon gini don mako uku. Nijeriya, wadda ta ci wannan kofi sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, ba ta samu gurbin zuwa na 2025 ba. Sha'awar karɓar baƙi kuwa ba ta gushe ba. Abuja ta nemi wasannin Ƙasashe Renon Ingila na 2014, Glasgow ta kayar da ita da ƙuri'a 47 da 24 a 2007. Ta sake neman na 2030, a watan Nuwamba na 2025 aka ba birnin Ahmedabad na Indiya.